Yana Gaishe Ki, Aiki Ya Riƙe Shi

A unguwar magina tuluna, can ƙarshen ƙauyenmu inda gonakin rake suka ƙare dutse ya fara, babu wanda bai san Ratiba ba. Ummu Sabir ake ce mata. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon bakin tanderu, kuma idan ta ɗaure fuska ko akuya ba ta gilmawa ta ƙofarta. Sana'arta gurasar rana. Da sassafe take kwaɓa ƙullu, ta yanka shi curi-curi a kan faya-fayen laka, ta jera a tsakar gida rana ta tashe shi, sannan ta kai wuta. Kowace mace a nan yankinmu na Sa'id tana da alamar da take yi wa gurasarta, don kada ta ɓace cikin ta maƙwabta ranar biki ko zaman makoki. Ta Ratiba ƙaho uku ne a gefe, da danna babban yatsa sau ɗaya a tsakiya. Alamar mahaifiyarta ce, kuma yara biyu kaɗai suka tashi da cin gurasa mai wannan alama daga hannun uwar, ita da yayanta Hajji Hammam.

Shekara talatin da huɗu ta yi tana jiran ƙafar wannan yaya nata ta taka dokin ƙofarta. Tsakanin gidansa da nata, idan mutum ya ɗora ruwan shayi ya kama hanya, zai je ya dawo bai ƙone ba.

Ratiba ba 'yar magina ba ce. Ubansu ya rasu ya bar eka ashirin ta rake, da gida mai bene, da sunan da ake tashi tsaye idan an ambata. Ta kai shekara ashirin da biyar tana korar 'ya'yan masu gona ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce kansa kamar kabewa, wancan ta ce uwarsa ce ke masa tunani. Rannan sai ga Bakhit maginin tulu ya shigo da jakinsa sayar da randa. Ta bi randunan tana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, tana cewa wannan ta tsage, waccan ba ta gasu ba. Ya tsaya yana kallonta har ta gama, sannan ya ce, “Duk garin nan ke kaɗai ce kike da kunne. Gobe zan kawo miki wadda na ɓoye wa kaina.” Ya kawo. Ta ƙwanƙwasa, randa ta amsa garau, daga nan kuma magana ta ƙare.

Hammam ya yi tsalle ya dire. Mai gona ba ya ba mai wasa da laka 'yar'uwarsa, haka ya taras, haka kuma abokan zamansa na dakalin masallaci suke gaya masa safe da yamma. Amma mahaifiyarsu tana kwance ciwon ajali, ta kama hannunsa ta sa shi ya rantse zai ɗaura auren da kansa, kuma ba zai taɓa yanke wa ƙanwarsa mausim ba. Ya rantse. Ranar ɗaurin aure ya sa hannunsa cikin na Bakhit a ƙarƙashin farin ƙyalle, ya maimaita abin da malam ya ce, ya zare hannun ya goge a rigarsa a gaban jama'a. Bai tsaya shan ruwan zaƙi ba.

Mausim kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Tsakiyar Sha'aban, Maulidi, ƙaramar Salla da babba, ɗan'uwa yana ɗaukar kwando ya kai wa 'yar'uwarsa gidan aurenta. Ko agwagwa ɗaya ce da ƙullin sukari, ba komai. Abin da ake so shi ne ya zo da ƙafarsa, ya zauna a dakalin ƙofarta inda dangin miji za su gan shi, ya sha shayinta, ya gutsiri gurasarta. Daga ranar kowa ya san wannan mace tana da baya, ba daga bakin hanya aka tsinto ta ba.

Sha'aban na farko Ratiba ta share dakali tun rana ba ta fito ba, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta gasa gurasa goma sha biyu. Da hantsi sai ga farar motar Hammam mai buɗaɗɗen baya tana kutsowa tsakanin tulunan da aka shanya. Ta fito da murna har mayafinta na zamewa. Direbansa ne, Hofni, wani dogo mai sanyin magana. Ya sauke kwandon da sai da ya yi nishi, cinyar maraƙi, tattabarai shida, shinkafa, man shanu, shayi, sabulu. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Hajji yana gaishe ki. Ya ce aiki ya riƙe shi.”

Zakiyya, yayar Bakhit, tana zaune a ƙofarta tana tsintar alkama, kuma Allah bai halicci bakin da ya fi nata kaifi a unguwar ba. Ta ɗaga murya yadda na bayan ramin gashin tuluna za su ji.

“Ku fito ku gaida surukinmu, jama'a! Ga shi nan an sauke shi. Kai, Hajji ya yi ƙiba, dubi cinya! Ratiba, ki ba shi tabarma mana, ko a kwandon zai sha shayin?”

Mata suka kwashe da dariya. Daga ranar sunan Ratiba a bayan idonta ya koma “ƙanwar kwando”, wani lokacin ma a gaban idon.

Maulidi ya zo, kwando ya zo. Salla ta zo, kwando ya zo. Ta haifi Sabir, aka kawo rago da sarƙar zinariya ta jariri, da gaisuwa, da aikin da ya riƙe Hajji. Kowace shekara kwandon ƙara girma yake yi, kuma ni a ganina wannan ya fi komai zafi, domin mutumin bai taɓa mantawa da ranar ba ko sau ɗaya. Yana sane da ita sarai. Ratiba kuma ba ta fasa share dakali ba. Sau huɗu a shekara take shimfiɗa tabarma, sau huɗu take naɗewa.

Bakhit mutum ne mai sauƙin rai, yakan ce mata, “Ke dai ci namanki, Ummu Sabir. Wasu 'yan'uwan suna zuwa da ƙafa biyu da hannu wofi, su cinye na gidan su tafi.”

“To a ba ni irin wannan,” in ji ta. “Ya zo ya cinye har tukunyar. Ni jaka ce, da za a zubo mini harawa ta kan katanga a juya?”

Sau ɗaya tak ta taka ta je da kanta, a shekara ta tara. Ta yafa baƙin mayafinta, ta ɗauki gurasa uku masu zafi a ƙyalle, ta shiga gidan da aka haife ta. Ta same shi a tsakar gida yana duba sabon injin ban ruwa. Ta ce, “Yaya, ni ce.” Ya juyo, ya dube ta, ya dubi ƙullin hannunta, bai ce ta zauna ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, “Wani abu ne ya gaza a kwandon? Faɗi, a ƙaro.” Ta tsaya kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta dawo da gurasarta, a kan gadar ƙaramar ƙorama ta jefa wa karnuka. Ta ce ranar ta fara ƙinsa, kuma ta ji ƙin yana mata daɗi.

Amma ko da ƙin, Salla na zagayowa ta sake share dakali.

Bakhit ya rasu cikin zafin bazara, a bakin ramin gashin tuluna, da itace a hannunsa. A al'adarmu gidan mamaci ba ya hura wuta kwana uku. Dangi da maƙwabta su ke kawo tire, kuma namijin gida ne ke ɗauko shi a kansa, ya ajiye, ya zauna ya ci tare da masu makoki don ya tilasta musu sa wani abu a baki. Ɗan'uwan matar mamaci kuwa wurinsa a layin karɓar gaisuwa yake, kafaɗa da kafaɗa da ɗan mamacin. Matalautan magina suka yi ta shigowa da tirensu na wake da cuku da albasa. Hammam ya aiko da ɗan bijimi, da tire goma sha biyu, da mai karatun Alƙur'ani daga birnin Ƙina har da lasifikarsa. Sabir ya tsaya a layi kwana uku, gefensa na dama babu kowa.

Hofni ya zo wajen mata a rana ta uku, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya buɗe baki, Ratiba ta ɗaga masa hannu.

“Bar shi, Hofni. Na haddace.”

Ko Zakiyya ba ta yi dariya ba ranar. Da aka watse, Ratiba ta je bakin tanderunta mai sanyi, ta dafa shi da hannu biyu, ta ce in dai Allah ya ara mata kwana, sai Hammam ya ci ya ƙoshi har ya roƙi yunwa. Matan da suka ji suka ɗauka zafin rashi ne ya juya mata harshe.

Allah kuwa ya ara mata. Bayan shekara shida, ana tsakiyar saran rake, Hajji Hammam ya yanke jiki ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace. Matarsa ta riga shi tafiya da daɗewa. 'Ya'yansa maza biyu, ɗaya yana Kuwait ɗaya yana Alƙahira, suka zo suka yi mako guda, suka saya masa gado mai tashi da kwanciya da babbar talabijin, suka ɗauki wani mai jinya da ke zuwa da safe ya tafi da azahar, suka koma. Gonar aka ba haya. Abokan dakalin masallaci, waɗanda don tsoron bakinsu ya ƙi taka unguwar magina, suka yi zirga-zirgar wata ɗaya. Da suka ga mutum ba ya iya hira kuma ba ya iya sa baki a rabon ruwan ban gona, sai ƙafa ta ɗauke. Gida mai ɗaki goma sha ɗaya ya koma daga shi sai Hofni, wanda shi ma ya tsufa.

Labari ya iso wa Ratiba tana tankaɗe. Ba ta ce innalillahi ba, Allah ya yafe mata. Ta ajiye rariya ta ce a kira mata Hofni.

Washegari da azahar tire na farko ya tafi. Miyar lalo da aka soya wa tafarnuwa yadda mahaifiyarsu take yi, tattabara guda da aka cusa wa ɗanyar alkama, naman ya yi laushin da marar haƙori zai ci, da gurasa biyu masu ƙaho uku da danna yatsa a tsakiya. Ta rufe da farin ƙyalle, ta miƙa wa Hofni.

“Ka ce ƙanwarsa tana gaishe shi. Ka ce aiki ya riƙe ta.”

Hofni ya dube ta. “Ummu Sabir, ki ji tsoron Allah.”

“Shi nake ji. Ba zumunci aka ce a sadar ba? Ga shi nan a tire. Yi sauri kada ya huce.”

Ba ta taɓa fashi ba. Ranar da take zazzaɓi ta dafa, ranar auren jikarta ta dafa. Alkamar gurasar da take sayar wa mutane daban, ta Hammam daban, ta zaɓe ta ƙwaya-ƙwaya. Kuma ta san abin da take yi da wannan alama. Da gurasar kasuwa ta aika masa, da ya ci ya manta. Wannan kuwa duk ranar da aka yaye ƙyallen sai ya ga hannun uwarsu, ya tuna akwai mutum ɗaya a duniya da ya san shi tun yana yawo ba wando, kuma tana nan bayan gada, ba za ta zo ba. Mutanen gari suna ta sa mata albarka, wai dubi 'yar halak, duk abin da ya yi mata ba ta bar shi da yunwa ba. Ita kuwa tana jin su tana murmushi.

Idan Hofni ya dawo da tire sai ta tsare shi da tambaya. Ya ci? Ya cinye? Wa ya zo yau? Idan ya ce babu kowa, sai ta gyaɗa kai ta ce gobe za ta ƙara masa miya.

A wata na biyar Hofni ya zo da saƙo. Ya ce Hajji ya yi ta fama da harshensa tun safe har ya haɗa kalma uku, “Ce ta zo.”

Ratiba ta goge hannu a zaninta a hankali. Shekara ashirin da biyar tana ajiye da amsar nan.

“Ka tambaye shi, wani abu ne ya gaza a tiren? Ya faɗa, a ƙaro.”

Washegari ta sa tattabara biyu.

Sabir, wanda ya gaji ramin ubansa kuma ya gaji sanyin ransa, ya same ta da maganar. “Umma, ya isa haka. Kawu ne fa. Ni da na tsaya ni kaɗai a layi na yafe.”

“Kai ka yafe naka, ɗan albarka. Nawa yana nan.”

Har Zakiyya, da ta tsufa ta rankwafa haƙori biyu suka rage mata, ta dogara sanda ta zo. “Ke Ratiba, ni na sa miki sunan nan, kuma na janye. Je ki ga ɗan'uwanki. Mutum ya zama abin tausayi, ƙuda na sauka a fuskarsa ba ya iya korewa.”

“Ai kin ce kwando ne surukinku, Yaya Zakiyya. To ni ma tire ce ƙanwarsa. Kullum tana wurinsa, me kuma yake nema?”

Hofni ne ya fi kowa naci, don shi ke ganin abin da idonsa. Wata rana ya ajiye tiren ya ƙi tafiya. Ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mata ba. Sau uku a cikin shekarun nan Hajji ya sa babbar rigarsa ya shiga mota tare da kwandon, ɗaya daga ciki ranar makokin Bakhit ne. Duk sau ukun, suna isowa gada sai ya hango masu zaman shayi a bakin hanya, ya ce a tsaya, ya sauka ya koma gida da ƙafa.

Hofni ya fara sa rai. Sai Ratiba ta ce, “Gada gidana ce?”

Tsakiyar Sha'aban ta shekara ta biyu da kwanciyarsa, da hantsi, magina suna juya tulunan da suka shanya, sai ga tsohuwar farar motar nan tana tafe a hankali. Wannan karon akwai mutum a gefen direba. Hofni ya sa masa farar riga, ya naɗa masa rawani, ya tokare shi da matashi don kada ya kife. A kan cinyarsa akwai ɗan ƙaramin kwando, ya riƙe da hannun hagu, agwagwa ɗaya da ƙullin sukari. Ya wuce masu shayin bakin gada suna kallonsa, bai ce a tsaya ba.

Unguwa ta fito kaf. Sabir ya sheƙo daga rami da laka har gwiwar hannu, ya buɗe ƙofar motar, shi da Hofni suka shirya ɗaukarsa. Dakalin yana nan a share, an yayyafa masa ruwa, don ko a shekarun nan Ratiba ba ta iya hana hannunta sharewa ba. Taku huɗu ne tsakanin motar da dakalin.

“Kada wanda ya sauke shi.”

Ta fito daga cikin gida da tiren ranar a hannunta. Ta ga yadda ya rame, ta ga gemun ya yi fari fat, ta ga kunnuwansa irin na ubansu. Ya ɗago kwandon da ƙyar, bakinsa ya yi ta motsi, yawu na zuba a kan farar rigar.

“Ra… Ratiba.”

Rabon da ta ji sunanta a bakinsa tun tana budurwa. Mata suka fara share hawaye. Zakiyya ta ce, “Amsa mana, 'yar nan!”

Ratiba ta zagaya ta ajiye tiren a bayan motar, ta gyara ƙyallen da kyau. Ta dawo ta tsaya dab da tagar, inda da ya miƙa hannu zai taɓa mayafinta, ta dubi Hofni, shi kaɗai.

“Hofni, ka gaya wa Hajji ƙanwarsa tana gaishe shi. Ka ce aiki ya riƙe ta.”

Ta shiga gida ta sa sakata.

Motar ta daɗe a ƙofar. Agwagwar na ta kuka a kwando. Da rana ta take, Sabir ya karɓi kwandon daga hannun kawunsa, ya sumbaci hannun, ya rufe ƙofar motar. Ratiba tana jin ƙarar injin har ta ɓace. Ba zan yi muku ƙarya ba, ta ci abinci sosai a ranar, ta yi barcin rana mai nauyi, ta tashi tana cewa yau ƙirjinta ya sauka.

Hajji Hammam ya rasu ran sha ɗaya ga azumi. 'Ya'yansa suka zo, aka kafa rumfa babba. A nan 'yar'uwar mamaci ita ce kan gaba a wajen mata, ita ke fara kuka kowa ya bi. Ratiba ta aika tire goma sha biyu, kwana uku a jere, daidai da abin da ya aiko na Bakhit. Ba ta je ba.

Ranar ƙaramar Salla ta tashi da sassafe, ta share dakali, ta yayyafa ruwa. Sai da ta ɗauko tabarma ta tuna. Ta tsaya da ita a hannu. Hantsi ya yi, 'yan'uwan matan unguwa suna ta shigowa da ƙullinsu, wani a kan jaki wani a babur, ita kuwa kunnenta na kan hanya duk da ta san babu motar da za ta zo. Shekara talatin da shida, a irin wannan lokaci, tana da wanda take jira kuma tana da wanda take tsine wa. Yau babu ko ɗaya.

Can sai ga Hofni da ƙafa, ya rungumo tirenta na ƙarshe da aka manta a gidan. Ya jingine shi a bango, bai zauna ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata ido ba, ranar ya dube ta sosai.

“Na kawo miki saƙo shekara talatin da huɗu, Ummu Sabir, na kai naki shekara biyu. Yau nawa na kawo. Kullum kina tambayata ko ya ci, ina ce miki ya ci. Bai cika ci ba. Ni nake cinyewa don kada a dawo miki da shi. Abin da yake yi, in na yaye ƙyallen, sai ya sa in ɗora masa gurasar a cinya. Ya lalubi wurin nan na tsakiya, inda kike dannawa, ya sa babban yatsansa a ciki. Haka zai zauna har la'asar.”

Ratiba ta ce, “Ka gama?”

“Na gama.”

“To a sauka lafiya.”

Ta rayu shekara tara bayan haka. Duk wanda ya tayar da maganar, amsarta ɗaya ce, abin da ya auna mata ta auna masa, ko ƙwaya ba ta ƙara ba, kuma da za a sake da ta sake. Ba wanda ya taɓa ganin hawayenta a kan Hammam, ni ma ban gani ba. Ta ci gaba da gasa gurasarta tana sayarwa, da ƙaho ukun nan a gefe kamar kullum.

Sai dai jikarta ta ce washegarin Sallar nan ta ga kakarta durƙushe a gaban faya-fayen ƙullu, rana na dukan bayanta, ta ɗaga babban yatsa a kan curin farko, ta daɗe a haka, sannan ta mayar da hannun cikin zani. Daga ranar gurasar Ratiba ba ta sake fita da alamar tsakiya ba. Masu saye suka yi ta tambaya, har wasu na cewa ba tata ba ce. Ta ce musu yatsan ne ke mata ciwo.